Ta yaya bututu fanko yake kai sanyi har digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma zai jure zafin Damagaram?

"Assalamu alaikum malam. Ni mai gyaran firigo ne da kilim a Zengo nan Damagaram. Wani ƙanena da ke karatu a jami'a ya nuna min hoton wani injin sanyi da ake sa wa na'urorin bincike, ya ce wai yana kai digiri 269 ƙasa da sifiri kuma a wajen sanyin babu fistan babu kapila babu komai, bututu ne kawai fanko. To ni dai ban gane ba, daga ina sanyin yake fitowa? Kuma in an kawo irinsa nan garin da wannan zafin namu na watan huɗu, zai yi aiki kuwa?"

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ƙanen naka gaskiya ya faɗa maka, injin akwai shi, ana ce masa injin sanyi mai bututun bugu, kuma bututun fanko ne da gaske, in ka yanka shi ba abin da za ka tarar sai gas. Tambayarka biyu ce, ina sanyin yake fitowa, sannan zafin gari zai kashe masa ƙarfi ko a'a, kuma duka biyun amsarsu tana komawa wuri ɗaya, wato yadda zafi yake tafiya a cikin injin, inda ake so ya wuce da sauri da inda ba a so ya wuce ko kaɗan.

Kafin mu shiga, mu masu wannan aikin da kelbin muke ƙirga, ana farawa daga ƙarshen sanyi gaba ɗaya wato digiri 273 ƙasa da sifiri. Ɗaki mai ɗan dama-dama kelbin 300 ne, ruwan nitrojin 77, ruwan heliyom 4.2, to wannan 4.2 ɗin shi ne digiri 269 da ƙanenka yake faɗi.

Abin da ke cikin injin

Ka ajiye sanin firigo a gefe tukuna, don shi firigo gas ɗinsa zagaye yake yi, ya zama ruwa a kondansa, ya ratsa kapila, ya tafasa a ciki ya kwashe zafi, ya koma kwampuresa. Wannan injin heliyom ne a cikinsa kuma ba ya zama ruwa, ba ya kuma zagaye, kai-komo kawai yake yi, a tura shi a janye shi, a tura a janye. Daga kwampuresa gas yana wuce wurin da ake sauke masa zafi, ya shiga wani bututu da aka cusa wa raga-raga na ƙarfe cunkus, shi ne rejenarata, ni ma'ajiyar zafi nake ce masa. Daga nan sai kan sanyi, curin jan ƙarfe ne mai ƙananan tsagu, a jikinsa ake ɗaure abin da ake son sanyayawa. Sai bututun fanko, a ɗaya bakinsa akwai wani curin da ke fitar da zafi waje, sai 'yar ƙanƙanuwar kafa ko bawul, sai tanki. Iyakarsa kenan.

Iri biyu ne. Akwai mai jinkiri wanda kwampuresarsa irin ta kilim ce babba mai mai a ciki, da wani bawul mai juyawa da ke haɗa injin da wajen matsi mai ƙarfi sannan da wajen matsi mai sauƙi, sau ɗaya zuwa biyu a sakan, shi ne ke kai kelbin 4 kuma shi na fi yi wa aiki, in kana tsaye kusa da shi za ka riƙa jin tsss, tsss kamar abu yana nishi, dare da rana. Sai mai sauri, babu bawul, fistan ne ke bugawa kai tsaye sau 30 zuwa 60 a sakan, ƙarami ne, shi ake sa wa a tauraron ɗan'adam da kyamarorin da ke ganin zafi, shi kam yawancin sanina a kansa daga karatu ne da ganin na abokan aiki.

Inda sanyin yake fitowa

Kai ka fi kowa sanin cewa gas in aka matse shi zafi yake yi, tiyon da ke fita daga kwampuresa ai ba ya taɓuwa, in ya buɗe yana tura wani abu kuma sanyi yake yi. To ka bi ɗan gas ɗin da ke zaune kusa da kan sanyi. Lokacin da matsi yake sama yana shiga bututun fanko daga ƙasa, da sanyi daidai da na kan sanyin. Yana ciki sai matsi ya faɗi, ya buɗe, ya ƙara sanyi fiye da yadda ya shigo, sannan ya juyo baya ya ratsa curin jan ƙarfen nan, kaga dole ya ɗebi zafi a jikinsa. A ɗaya bakin kuma akasin haka ne ke faruwa, gas yana shigowa daga tanki lokacin da matsi yake ƙasa, a matse shi a cikin bututun ya yi zafi, ya fita ya sauke zafin a curin sama. Shi kuwa gas ɗin tsakiya bai taɓa fita daga bututun ba, sama da ƙasa kawai yake yi, shi ne fistan ɗin da kake nema, fistan ne na gas, yana ɗaukar aikin da gas ɗin ƙasa ya yi ya kai sama inda 'yar kafar nan za ta mai da shi zafi a zubar.

Duk sirrin yana wajen lokaci, wato shigar gas daga kan sanyi ta zo daidai da lokacin da matsi yake sama. In ba su daidaita ba gas zai shiga ya fita da zafin da ya shigo da shi, a ci kuran a banza. Na farko da William Gifford da Ralph Longsworth suka fitar a jami'ar Sirakus ta Amurka a 1964 ba shi da kafa ba shi da tanki, bakin bututun a toshe yake, ɗan musayar zafi da bangon bututun ne kawai yake ba shi sanyi, ya tsaya a kelbin 124, shi ya sa aka kusan mantawa da shi shekara ashirin. A 1984 Mikulin da abokan aikinsa a Mosko suka sa kafar da tanki suka kai 105 da iska kawai, a 1986 Ray Radebaugh a Amurka ya gyara wurin kafar ya yi da heliyom ya kai 60. A 1990 su Zhu a jami'ar Xi'an Jiaotong ta ƙasar Sin suka ƙara wata hanya ta biyu da ke kawo gas kai tsaye daga wajen kwampuresa zuwa bakin zafi na bututun, don a rage wa ma'ajiyar zafi wahalar da ba ta da amfani. Masu sauri kuma daga baya aka canja musu kafar da wani dogon siririn tiyo a nannaɗe, nauyin gas ɗin da ke gudu a cikinsa shi ke jinkirta shi ya gyara lokacin. Ka duba da kyau, bututun fankon nan kusan ba a taɓa shi ba, duk ci gaban a wajen gyaran lokaci aka samu.

Bututu biyu, ɗaya a so musayar zafi ɗaya a ƙi ta

Nan ne zan daɗe don nan ne injin yake ci ko ya faɗi. Ma'ajiyar zafi aikinta irin na rawani ne da hunturu, ka rufe hanci da shi, numfashin da ka fitar ya ɗumama ƙyallen, iskar sanyi da ka shaƙa ta ɗebi ɗumin kafin ta shiga ƙirji. Gas mai ɗumi yana sauka yana barin zafinsa a jikin ragar har ya isa ƙasa da sanyi, in ya juyo yana karɓar abinsa. Amma zafin da yake ajiyewa yana ɗauka a kowane bugu ya ninka sanyin da injin ke bayarwa sau da yawa ƙwarai, shi ya sa ragar in ta yi kuskuren kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari kawai, ɗan ragowar ɗumin da ya tsallake ya isa ya cinye sanyin duka. To sai ka ce a ƙara cusa raga mai ƙananan ido mana, eh musayar za ta yi kyau amma gas zai sha wahalar wucewa, matsin da ya isa ƙasa ya ragu, sanyi ya ragu. A gajarce ta kuma zafi ya bi jikin ƙarfen ya gangaro. Kullum ciniki ne tsakanin waɗannan ukun.

Sannan ga wata matsalar da ta daɗe tana hana mutane barci, ƙarfe in ya yi sanyi sosai ba ya iya riƙe zafi. Ragar inoks ko ta tagulla tana aiki lafiya har wajen kelbin 50, ƙasa da nan sai a koma ƙananan ƙwayoyin dalma, ƙasa da kelbin 10 kuwa dalmar ma ta zama kamar babu, heliyom ɗin kansa ya fi ta riƙe zafi. Abin da ya buɗe ƙofar kelbin 4 shi ne wasu haɗe-haɗen ƙarafa masu maganaɗisu, irin erbiyom da nikel, da holmiyom da jan ƙarfe, waɗanda a daidai wannan sanyin suke canja halinsu na maganaɗisu su sha zafi da yawa. Da su ne Matsubara a Japan ya sauka ƙasa da kelbin 4 da inji mai hawa uku, wato matakan sanyi uku a jere, kowanne yana ƙara sauke sanyin na gabansa, a farkon shekarun 1990, masu bincike a Giessen ta Jamus suka yi da hawa biyu bayansa. Da heliyom na kullum ana tsayawa wajen kelbin 2, don a can halin gas ɗin yana canjawa, buɗewarsa ba ta ƙara kawo sanyi.

Shi kuwa bututun fanko abin da ake so a wurinsa kishiyar wannan ne, kada gas ya yi musayar komai da bango, kada kuma na sama ya gauraya da na ƙasa. Ka tuna tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba amma bakinsa ɗaya yana zafin ɗaki ɗayan yana kusa da ƙarshen sanyi, kuma gas ne kawai a tsakani. Shi ya sa ake yin bangon da inoks siriri sosai, a sa raga a bakuna biyun don gas ya shiga a miƙe ba da feshi ba, feshi ɗaya daga bakin zafi ya isa ya dagula jeren. Akwai kuma wata 'yar sulalewa da gas ke yi a jikin bango a hankali yana kai ɗumi ƙasa, akwai wadda hanya ta biyun nan ta 1990 take jawowa, don ta buɗe zagaye, gas kaɗan sai ya riƙa kewayawa gefe ɗaya yana ɗauko zafi, sai an zauna an daidaita bawul ɗin da haƙuri, ka juya kaɗan ka jira awa guda ka ga inda awo ya tsaya.

Kuma mai jinkirin dole kan sanyi ya kalli ƙasa. Gas mai sanyi ya fi nauyi, in yana ƙasa yana zaune lafiya, in ka kwantar da injin ko ka kifa shi sai ya gangara mai ɗumi ya hau, su gauraya. A ɗakin gwajin da na yi aiki mun taɓa karkata injin da gangan muna kallon awo, ɗan karkatawa kaɗan ba ya nuna komai, amma da muka matsa wajen kwanciya sai lambar ta fara hawa a gabanmu ba tsayawa, muna miƙar da shi ta fara dawowa. Masu sauri abin bai dame su haka ba, a sararin samaniya kuwa babu sama babu ƙasa.

Nawa ne sanyin, nawa ne kuran

Nan mutane ke mamaki. Babban inji na kasuwa irin PT415 na kamfanin Cryomech yana bada wat 1.5 ne kacal a kelbin 4.2, da wat 40 a hawa na farko a kelbin 45, alhali kwampuresarsa tana cin kusan kilowat 10. Ko injin da ba shi da aibi ko ɗaya, lissafin Carnot, wato lissafin mafi ƙarancin kuran da kowane injin sanyi zai iya ci, ya ce sai ya ci wat 70 kafin ya cire wat 1 daga kelbin 4.2 zuwa 300, na gaske kuwa yana cin wat dubu shida da wani abu, kaga kashi ɗaya cikin ɗari kenan na abin da lissafi ya yarda. A kelbin 80 abin ya fi sauƙi, masu sauri masu kyau suna kai wajen kashi 20. Shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa a firigon ƙanƙara ba, a wannan zangon naka na gas mai tafasa ya fi shi nesa ba kusa ba.

To tunda wat ɗaya da rabi ne duk jarin, ba a wasa da ko kaɗan. Bango mai zafin ɗaki yana iya haska zafi har wat 460 a kan kowace murabba'in mita, daga bango mai kelbin 50 kuwa bai kai rabin wat ba, don haka ake zuƙe iskar tukunyar da kan sanyi ke ciki ƙaf, a kewaye kan sanyi da garkuwar ƙarfe da aka ɗaure a hawa na farko, a naɗe da takardu masu ƙyalli. Wurin ɗauri ma kansa abin lura ne, ƙarfe biyu da kake gani sun haɗu sumul a zahiri 'yan wurare kaɗan ne suke taɓa juna, kuma babu iska a tsakani da za ta taimaka. Mukan goge fuskar jan ƙarfen tas, mu shimfiɗa siririn fallen indiyom mai laushi kamar cingam, mu ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya a gicciye har indiyom ɗin ya ɗan fito ta gefe. Sau da yawa wanda ya zo yana kuka inji ya mutu, injin lafiyarsa lau, kan sanyi yana kelbin 4 kayansa suna 7, ɗaurin ne bai kamu ba.

Duk da cin kuran ana son sa saboda babu abin da ke gogawa a cikin sanyi, ba ya lalacewa da wuri kuma girgizarsa kaɗan ce. Na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb da aka harba a Disamba 2021 tana da mai hawa uku da ke kai wajen kelbin 18, wani matakin ya ƙarasa da kyamararta ɗaya ƙasa da kelbin 7. Firigon kwamfutocin kwantam ma, wasu sabbin kwamfutoci masu aiki cikin tsananin sanyi, shi ke fara sanyaya su. Na'urar MRI ta asibiti kuwa yawancinsu ɗan'uwansa ne a kai, mai fistan a ciki, wasu ne ke da wannan, amma kwampuresar da ruwan sanyayawar kusan iri ɗaya ne.

In an kawo shi Damagaram

Zai yi aiki, amma ba a nan da kake zato matsalar take ba. Shi kan sanyin bai damu da watan huɗu sosai ba, in ka mai da 300 ɗin can 318, wato digiri 45, wat 70 ɗin zai koma 75 ne kawai, tazarar da yake haurawa dama babba ce. Wadda za ta sha wuya kwampuresa ce. Kilowat 10 ɗin nan duka zafi yake komawa, ruwa ne ke kwashe shi, wajen lita 10 a minti, yana fita ya ƙaru da digiri 14, kuma masu ƙera su galibi suna so ruwan ya shiga bai wuce digiri 27 ko 28 ba. Kai ka san ruwan tankin saman soro da azahar a watan huɗu, ko alwala ba ka iya yi da shi, in aka ba ta wannan za ta kashe kanta don kariya, in ma ba ta kashe ba mai zai yi zafi ya fara bin gas. Kuma ba za a ce a buɗe famfo ruwa ya yi ta zuba ba, lita 10 a minti lita 14,400 ne a kwana, a garin da kowa ya san darajar jarka. Dole injin sanyaya ruwa mai zagaye a rufe, a saye shi da girman da ya wuce lissafi don a digiri 43 ba zai bada abin da aka rubuta a jikinsa ba, a sa shi a inuwa, a riƙa wanke kondansarsa musamman da ƙurar hunturu.

Sai kuran. Layi uku yake so, kuma in aka juya biyu wajen haɗa gurup kwampuresar ba za ta tashi ba ko ta juya baya. In wuta ta ɗauke bututun nan biyu sun koma hanyar shigar zafi, awo ya fara hawa nan take, abin da aka kwana ana sanyayawa sai a koma baya, in kuma akwai ruwan heliyom a na'urar, kowane wat ɗaya na zafi yana ƙafar da wajen lita 1.4 a awa, ga shi ba a kasuwar Dole ake sayo shi ba. Ni a ganina duk wanda zai kawo irin wannan na'ura garin nan bai sa kuɗin gurup mai tashi da kansa da injin ruwa biyu a lissafi ba, gara ya dakata, don abin yana ci min rai in ga kaya masu tsada da mutanenmu ke buƙata sun zauna a rufe saboda ruwan sanyayawa.

To a nan ne hannunka zai shiga, injin ruwan nan firigo ne irin wanda kake gyarawa kullum, kuma shi ne ya fi yawan kawo tsaiko. Amma wajen heliyom ɗin don Allah kada ka taɓa shi da kayan aikinka na kullum. Gas ɗin tsabtarsa kashi 99.999 ce, ɗigon iska ko danshi ko mai in ya shiga daskarewa zai yi a cikin ragar ya toshe ta, tiyon manometarka da ya sha mai da gas ɗin kilim ya isa ya ɓata shi, heliyom ɗin hura balan-balan kuwa ko kusa. Akwai matatar gawayi a kwampuresar da ke kama ragowar mai, ana canja ta bayan awa dubu 20 zuwa 30 bisa ga irin injin, wannan da buɗe kan sanyi aikin wanda aka horar a kansa ne.

Daga nesa ba na iya ce maka ga ciwon inji sai da lambobi, in wata rana aka kira ka kan irinsa ka rubuto min zafin ruwa wajen shiga da wajen fita, matsin heliyom yana tsaye da yana aiki, awon hawa na farko da na biyu, awannin da ke kan mita, sannan ka shafa jikin tukunyar ka gaya min ko tana gumi. In tana gumi ko ta yi sanyi a hannu iska ce ta shiga inda aka zuƙe, a fara neman yoyon kafin a zargi injin, in kuwa hawa na biyu ne kaɗai yake hawa a hankali cikin makonni alhali ruwa da matsi suna daidai, to datti ne ya daskare a ragar, sai a kashe a bar shi ya ɗumama har zafin ɗaki a wanke gas ɗin da sabon heliyom.